Gogewa Kafin Digiri: Tarihin Koyon Aikin Jin Daɗin Jama'a a Zangunan Akra

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya nemi gurbin karatun digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a, musamman a jami'o'in Ingila da Amurka da Kanada, akwai tambayar da zai tarar tana jiransa a takardar neman shiga: a ina ka taɓa aiki da mabuƙata, tsawon wane lokaci, kuma wa zai shaide ka? A wannan fanni sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya wadatarwa. Ana son a ga cewa mai nema ya taɓa zama da marayu, ko tsofaffi, ko naƙasassu, ko matan da aka ci zarafinsu, ya san nauyin abin kafin ya ɗauke shi sana'a. Sharaɗin yana da hujja, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma yana da tarihi, kuma tarihin ya nuna cewa ba kowace gogewa ce ake ƙirgawa ba.

Wannan takarda za ta bi sawun al'amarin a Nima da Maamobi, unguwanni biyu maƙwabtan juna a Akra, babban birnin Gana, wanda tsofaffin Hausawan zango ke kira Ankara. Mazauna waɗannan unguwanni ƙabilu ne daban-daban, amma Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da tsakar gida. Abin da takardar za ta nuna shi ne, fiye da shekara 60 ke nan Nima tana zama makarantar da baƙi ke zuwa su koyi aikin taimako su tafi da takardar shaida, alhali 'yan gida da suka gaji aikin tun kaka da kakanni ba su cika samun wanda zai rubuta musu tasu ba. Da "aikin jin daɗin jama'a" ana nufin sana'ar nan ta jami'an da ke sasanta rikicin iyali, su kare yara, su bibiyi masu laifi ƙanana, su haɗa matalauta da tallafin hukuma. Da "gogewa" kuwa ana nufin sanin makamar aiki da ake samu ta hanyar yin sa.

2.0 Inda Sharaɗin Ya Samo Asali

Sana'ar ta fara ne da aiki, karatu ya biyo baya. A 1869 aka kafa wata ƙungiyar tsara sadaka a Landan, wadda ke tura 'yan sa-kai gida-gida su binciki halin matalauta kafin a ba su taimako. A 1884 Samuel Barnett da matarsa Henrietta suka buɗe Toynbee Hall a unguwar talakawa ta Whitechapel, inda samarin da suka gama jami'o'in Oxford da Cambridge ke tarewa na wani lokaci domin su ga talauci da idonsu. Jane Addams ta kwaikwayi wannan tsari ta buɗe Hull House a Chicago a 1889. Sai a 1898 aka fara kwas na bazara a New York domin horar da masu wannan aiki, a 1899 kuma aka buɗe makaranta a Amsterdam. Waɗanda suka cika ajujuwan farko mutane ne da tuni suna cikin aikin.

Abin lura a nan shi ne, tun daga tushe mai koyo daga wajen unguwa yake zuwa. Ɗan masu hali ne ke shiga cikin talakawa ya goge, su kuwa talakawan su ne darasin. Da wannan siffa sana'ar ta iso Afirka ta Yamma.

3.0 Zango da Tsarinsa na Taimako

Kalmar zango a Hausa tana nufin wurin da ayari ke yada kaya ya kwana. A Gana, inda ake rubuta ta "zongo", ta koma sunan unguwar baƙi, musamman Musulmi 'yan arewa. Fataucin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar Gwanja, kasuwar Salaga ta zama matattararsu, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa garin, fatake suka bazu zuwa kudu. Wasu kuma soja ne ya kawo su, domin Turawan Ingila sun yi amfani da rundunar da suka kira ta Hausawa a yaƙinsu da Ashanti na 1873 zuwa 1874. A Akra, Malam Idrisu Neno, mutumin Katsina, ya samu fili daga sarakunan Ga a 1881 ya kafa zangonsa, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Deborah Pellow ta yi cikakken nazari a kan wannan unguwa a littafinta na 2002.

Nima ƙanwa ce a cikin zanguna. A 1931 iyalan Odoi Kwao, 'yan ƙabilar Ga, suka ba Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, fili a bayan gari domin ya riƙa tsayar da dabbobinsa kafin a shiga da su kasuwa. Ana saɓani a kan asalin sunan: wasu na cewa daga "ni'ima" ne, wasu na cewa daga harshen Ga ne. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika wurin da mutane. Sansanonin soja da filin jirgin saman da Amurkawa ke amfani da shi suna kusa, ana neman kuku da boyi da mai wanki da lebura. Bayan yaƙi tsofaffin sojoji da yawa suka zauna a nan. Maamobi ta bunƙasa a gefenta, babbar magudanar ruwan nan da ta yi ƙaurin suna tana ratsa tsakaninsu. Da yake Nima tana wajen iyakar hukumar birni har zuwa farkon shekarun 1950, an gina ta ba tare da tsari ba: babu tituna na kirki, babu isasshen famfo, babu wadatattun bayi.

Jama'ar da hukuma ta manta da ita dole ta kula da kanta, kuma tsarin da ta yi amfani da shi tsohon tsarin fatauci ne. Ginshiƙinsa shi ne mai gida. A harshen zango mai gida ya wuce mai ɗakin haya. Shi ne ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi kafin ya kama ƙasa, ya nema masa aiki ko ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan ya shiga hannun 'yan sanda, ya ajiye masa kuɗinsa, in ta Allah ta kasance kuma ya yi masa sutura ya aika wa danginsa labari. Sama da masu gida akwai sarakuna, domin kowace ƙabila tana da nata: na Hausawa, na Mosi, na Zabarmawa, na Kotokoli, na Wangarawa, na Fulani da sauransu. A zauren sarki ake raba gardamar bashi da ta gado da ta aure. Malamin makaranta yana riƙe da yaran da aka kawo masa daga nesa, ci da sha da tarbiyyarsu duk a wuyansa. A ɓangaren mata akwai magajiya, shugabar mata, wadda ke tara gudunmawar biki da suna da rasuwa, ta shiga tsakanin mata da miji, ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Akwai adashi, wanda sauran 'yan Gana ke kira susu. Akwai kuma riƙo, wato ba da yaro ga gwaggo ko kawu ko aminin uba ya tashi a hannunsa, al'adar da Esther Goody ta yi nazarinta a ƙasar Gwanja.

Idan aka ɗauki littafin koyar da aikin jin daɗin jama'a aka jera babukansa, da wuya a samu babin da ba shi da takwara a wannan tsari: karɓar baƙi, sasanta iyali, renon maraya, belin mai laifi, tallafin gaggawa. Ba a ce tsarin ba shi da aibu ba. Mai gida yakan ci da gumin baƙonsa, riƙo yakan koma bauta ga 'yar riƙo, sulhun zaure kuma sau da yawa yakan ƙare da ce wa mace ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, ko da kuwa dukan da ya fito da ita bai warke ba. Duk da haka aiki ne na gaske, ana koyon sa a hankali, yaro na zaune gefen babba yana saurare. Abin da babu a cikinsa shi ne rubutu. Ba a buɗe wa kowa fayil, ba a ƙirga awoyi, ba a sa hannu.

4.0 Zuwan Aikin Hukuma

Masu rubuta tarihin sana'ar a Gana sukan fara da girgizar ƙasar da ta auka wa Akra ran 22 ga Yuni 1939, wadda ta rushe gidaje masu yawa ta bar jama'a a fili. A 1940 majalisar Ingila ta zartar da dokar raya ƙasashen mulkin mallaka da kyautata jin daɗinsu, abin da ya samar da kuɗi. A 1946 gwamnatin Gwalkwas ta kafa ma'aikatar jin daɗin jama'a da gidaje, aka kuma buɗe makarantar horar da jami'ai a Osu, cikin Akra. Kafin nan an tura wasu 'yan ƙasa Ingila su yi kwas.

Abin da ya fi damun Turawa a lokacin shi ne yaran birni masu gararamba. Saboda haka aikin farko ya karkata ga kotun yara, da jami'an sa ido a kan masu laifi, da gidajen horo. Gidan horon kangararrun samari da ake kira Bosta, wanda aka buɗe a shekarun 1940, a gefen Maamobi yake. An sauya masa suna bayan dokar shari'ar yara ta 2003, yana kuma ƙarƙashin hukumar gidajen yari. Ke nan fuskar farko da wannan sabon aiki ya nuna wa mutanen zango ita ce ta mai kama yaro. Ba abin mamaki ba ne da iyaye suka daɗe suna ɗari-ɗari da ofishin.

Bayan tarzomar Akra ta Fabrairu 1948, gwamnati ta ƙara ƙarfi a kan yaƙi da jahilci da aikin gayya, har a 1952 sunan ma'aikatar ya koma ta jin daɗin jama'a da raya al'umma. Shirin ya yi suna a duniya, Peter du Sautoy, wanda ya shugabanci ma'aikatar, ya rubuta littafi a kansa a 1958. Amma ƙauyuka ya fi fuskanta. A 1956 aka fara kwas na gudanar da harkokin jin daɗin jama'a a Kwalejin Jami'a da ke Legon, ƙarƙashin sashen nazarin zamantakewa.

A nan ne batun gogewa ya ɗauki siffar da yake da ita har yau. Hanyar da aka saba bi ita ce mutum ya shiga aikin ma'aikata a matsayin ƙaramin jami'i, ya yi horo a Osu, ya yi shekaru a bakin aiki, sannan a tura shi Legon ko ƙetare ya ƙaro ilmi. Gogewa ita ce tsani, amma gogewar da aka yi a cikin ofis, wadda shugaba ya rubuta a fayil. Shiga ofis kuwa sai da takardar makarantar boko, makarantun boko mafi yawa kuma na mishan ne. Iyaye a zango sun guje su saboda tsoron a raba 'ya'yansu da addini. A Hausar Gana har yau idan aka ce "makaranta" ta allo ko Islamiyya ake nufi, ta boko tana da sunanta dabam da aka aro daga Turanci, kuma wannan rabuwa ta harshe tana nuna rabuwar da ke cikin zukata. Sai a 1987 gwamnati ta kafa sashen ilmin Musulunci a hukumar ilmi, wanda ya shigar da makarantun Islamiyya cikin tsarin ƙasa, ana koyar da Larabci da boko a rufi ɗaya. Tsakanin 1946 da 1987 shekara 41 ke nan, wato an yaye jami'ai na tsawon zamani guda ba tare da 'ya'yan zango sun samu shiga yadda ya kamata ba. Jami'i yakan zo unguwa da tafinta, ya nemi sarki ko mai gida ya yi masa jagora, ya koma ya rubuta rahoto da sunansa.

5.0 Nima, Makarantar Baƙi

Ɗaya daga cikin Turawan da suka jagoranci ayarin yaƙi da jahilci a Gwalkwas a 1948 shi ne Alec Dickson. Shi ne daga baya, a 1958, ya kafa ƙungiyar VSO mai tura matasan Ingila aikin sa-kai a ƙetare. A Agusta 1961 kuma rukunin farko na 'yan sa-kan Amurka na Peace Corps da ya fara aiki a duniya, mutum kimanin 50, ya sauka a Akra. Yawancinsu koyarwa suka yi a makarantun sakandare, amma daga lokacin Gana ta zama ƙasar da matashin Bature ke zuwa ya goge kafin ya koma gida ya ci gaba da karatu.

Baƙon da ya fi fito da sunan Nima a duniyar ilmi shi ne Keith Hart, ɗalibin Cambridge da ya zauna a unguwar tsakanin 1965 da 1968 yana nazarin 'yan ci-ranin Frafra daga arewa maso gabashin Gana. Ya lura cewa mutanen da ƙididdigar gwamnati ke kira marasa aikin yi, daga asuba zuwa dare suna cikin aiki: dako, talla, gyaran kaya, dillanci, ba da rance, har da abubuwan da doka ta hana. A takardar da ya gabatar a Sussex a 1971, aka buga ta a 1973, ya raɗa wa wannan fage suna, wato tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, sunan da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauka ta yaɗa. Hart a kan neman kuɗi ya yi magana, amma hujjarsa ta hau kan aikin taimako daidai wa daida. Magajiyar da ta shekara 30 tana sasanta aure, a idon takarda ba ta taɓa aiki ba.

A ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban jami'a 'yan ƙasa su ma suka juyo. Shirin da aka kira Operation Help Nima, wato yunƙurin taimakon Nima, ya riƙa kawo matasa masu ilmi su yi aikin tsafta tare da mazauna, su kuma matsa wa hukuma ta dubi unguwar. Daga Legon zuwa Nima tafiya ce ta ɗan lokaci a motar haya, amma ga yawancin ɗaliban wata duniya ce dabam. Ana cikin haka, ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutanen zango, ciki har da waɗanda a Gana aka haife su, suka sayar da kayansu a wulaƙance suka nufi Nijeriya da Nijar da Togo da Upper Volta, wadda ta koma Burkina Faso. Firayim ministan da ya ba da umarnin, Kofi Abrefa Busia, shehin malamin nazarin zamantakewa ne, shi ya shugabanci sashen nan na Legon da aka fara koyar da aikin jin daɗin jama'a a cikinsa, shi ne kuma ya rubuta rahoton binciken zamantakewar Sekondi-Takoradi na 1950. Ilmin sanin halin talaka bai hana shi sa hannu ba. Waɗanda suka tsare gidajen da aka bari, suka riƙe yaran da aka raba da iyayensu, masu gida ne da maƙwabta.

A 1973 gwamnatin soja ta ƙirƙiro shirin bautar ƙasa ga waɗanda suka gama manyan makarantu, dokar 1980 ta ƙarfafa shi. Wannan shiri ya zama babbar ƙofar samun gogewa mai takarda ga ɗan ƙasa. Shekarun 1980 kuwa sun zo da wahala: fari da yunwar 1983, da korar 'yan Gana kimanin miliyan 1 daga Nijeriya a shekarar, da tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka gindaya. Daga 1985 aka ɗora wa majinyata kuɗin asibiti mai nauyi, har abin ya kai ga tsarin sai ka biya a duba ka. Ma'aikatar jin daɗin jama'a ta rasa kuɗin aiki, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka cike gurbin. A farkon shekarun 1990 aka kafa Catholic Action for Street Children da Street Girls Aid domin yaran titi da 'yan matan da ke dako a kasuwannin Akra. Sunan waɗannan 'yan mata, kayayei, abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe: "kaya" daga Hausa, "yei" kuma daga harshen Ga, ma'ana mata.

Misalin da ya fi cancantar tsayawa a kansa shi ne na Legal Resources Centre, cibiyar ba da taimakon shari'a da wasu matasa masana doka daga Legon, ciki har da Raymond Atuguba da Mahama Ayariga, suka kafa a 1997, ta yi aiki a Nima da Maamobi. Daga baya Farfesa Lucie White ta Jami'ar Harvard ta riƙa kawo ɗalibanta suna aiki tare da cibiyar da ƙungiyoyin matasa da na iyaye mata na unguwar, a kan tsafta da haƙƙin samun magani. A 2003 suka tsaya a kan maganar wani majinyaci da aka tsare a asibitin gwamnati domin ya kasa biyan kuɗin tiyata, aka yi gangami, aka tara sa hannun jama'a, har aka sake shi. A shekarar ce majalisa ta zartar da dokar inshorar lafiya ta ƙasa. An ba da labarin wannan gwagwarmaya a littafin Stones of Hope na 2011. Ɗaliban doka ne, amma aikin da suka yi, wato shiga gida-gida da sauraren koke da haɗa kan jama'a, shi ne ainihin abin da ake koyarwa a ajin raya al'umma.

An yi aikin da mutunta juna, kuma unguwa ta amfana. Atuguba ya zama shugaban tsangayar doka a Jami'ar Gana, Ayariga ya zama ɗan majalisa mai wakiltar Bawku ta Tsakiya. Ɗaliban da suka zo daga Amurka sun koma da abin rubutawa a takardun neman aiki. Tambayar da ta rage ita ce ta matasan da suka yi musu tafinta, suka nuna musu lungu, suka shawo kan tsofaffi su buɗe baki. A irin wannan hulɗa, ko da niyya ta yi kyau, akwai haɗarin abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Inda niyyar ba ta yi kyau ba kuwa an ga abin da ya faru: gidajen marayu sun yawaita a Gana a shekarun 2000, wasu domin jawo 'yan sa-kai masu biyan kuɗi daga Turai, binciken hukuma kuma ya nuna mafi yawan yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Wannan ne ya sa ma'aikatar ta fara shirin rage gidajen da mayar da yara cikin dangi.

6.0 Halin da Ɗan Zango Ke Ciki

Abubuwa sun sauya. Aikin jin daɗin jama'a ya zama sashe mai cin gashin kansa a Jami'ar Gana a farkon shekarun 2000, yana ba da digiri na farko da na biyu da na uku, Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi ma tana koyar da shi. Dokoki sun faɗaɗa fagen aiki: ta yara a 1998, ta naƙasassu a 2006, ta cin zarafi a cikin gida a 2007, sai shirin LEAP na ba matalauta tallafin kuɗi da aka fara a 2008. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zanguna da asusunta. An rushe ma'aikatar a 2021. A 2018 aka yanka sababbin ƙananan hukumomi, Nima ta faɗa Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta faɗa Ayawaso ta Arewa, kowacce da ofishinta na jin daɗin jama'a. Mafi muhimmanci, yanzu akwai 'ya'yan zango, maza da mata, masu digiri, akwai kuma ƙungiyoyin da su da kansu suka kafa, irin su Achievers Ghana da ta fara a Nima a 2011 domin tsayar da 'yan mata a makaranta.

Ga mai digiri na farko da ke son ci gaba, hanya mafi sauƙi ita ce shekarar bautar ƙasa. Idan ya yi sa'a aka tura shi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, ko sashen walwala na asibiti kamar Korle Bu, zai ga aikin tsirararsa: ƙarar uban da ya ƙi ciyar da ɗansa, rigimar wa zai riƙe yaro bayan saki, rahoton binciken gida da ake kai wa kotun iyali, rajistar naƙasassu, biyan tallafi. Wanda ya tashi yana jin Hausa, ya san yadda ake gaida tsoho da lokacin da ba a shiga gidan mutane, yana da abin da takwaransa ba shi da shi. Idan kuwa aka tura shi banki ko aji, sai ya nemi wata ƙungiya ya yi mata aikin sa-kai. A nan talauci ke tare hanya, domin aikin da ba a biya sai mai wanda zai ciyar da shi, shi kuwa ɗan zangon da ya gama jami'a sau da yawa gida ne ke jiran ya fara kawowa. Nauyin ba ya ƙarewa da samun gurbi: hukumar tantance makarantu ta Amurka ta wajabta wa ɗalibin digiri na biyu aƙalla awa 900 na aikin horo, a Ingila kuma kwana 200 ne.

Sauran matsalar ta shaida ce. Jami'a tana son wasiƙa mai tambari, daga ƙungiya mai rajista, da sa hannun wanda ya sa ido a kan aikin, an faɗi ranar farawa da ta gamawa. Saurayin da ya shekara 5 yana koyar da yara da yamma a makarantar malaminsa, yana raka zawarawa ofishin inshorar lafiya, yana cikin masu sasanta faɗan majalisun matasa na unguwa, ya yi aikin da ya fi na baƙon wata 3 nesa ba kusa ba. Amma limami ko magajiya da suka fi kowa sanin aikinsa ba su da tambari, wasunsu da Larabci ko ajami suke rubutu. Wasu jami'o'in Ingila sun fara karɓar abin da mutum ya gani a rayuwarsa, kamar jinyar ɗan'uwa, a matsayin gogewa, sai dai suna son ya iya bayyana abin da ya koya da kalmomin sana'a. Wannan ya sa ƙungiyoyin unguwa da dama ke yin rajista, su buga takarda mai kai, su riƙa rubuta ayyukansu.

Malaman fannin sun daɗe da ganin wannan giɓi. James Midgley ya kira shigo da manhajar Turai ba gyara da sunan mulkin mallaka na sana'a a littafinsa na 1981, Linda Kreitzer kuma, bayan bincike tare da malamai da ɗalibai da wata sarauniyar gargajiya a Gana, ta fitar da littafi a 2012 tana kira a gina manhaja a kan al'adun ƙasa. Ma'anar sana'ar da ƙungiyoyinta na duniya suka amince da ita a Melbourne a 2014 ta ambaci ilmin gargajiya a cikin tushenta. Magana ta shiga littafi, amma takardar neman shiga ba ta da gurbin da za a rubuta sunan mai gida.

Wani lokaci ma abin juyawa yake yi. Bayan gyaran dokar yara na 2016 da ƙa'idojin riƙo na 2018, wanda ke son hukuma ta damƙa masa yaron da ba danginsa ba sai an tantance shi, an horar da shi, an ba shi lasisi. Manufar kare yara ce, kuma tarihin gidajen marayu ya nuna ana buƙatar ta. Sai dai dattijuwar Maamobi da ta riƙi yara fiye da 10 ta aurar da su, idan tana son shiga wannan tsari, dole ta je ofis ta zauna gaban tebur. Mai yiwuwa wanda zai cike mata fom ɗan bautar ƙasa ne da bai kai ɗan autanta shekaru ba, kuma watannin da ya yi yana cike irin waɗannan fom su ne zai lissafa idan ya tashi neman digiri na biyu.